Inda Saƙonnin Matarsa Ke Sauka

Gab da magariba Manaja ya kira Boka, ya ce imel ɗin kamfani ya rikice, duk wanda ya aiko da saƙo sai ya koma masa. Boka dai ba boka ba ne, gyaran kwamfuta yake yi, abokai ne suka laƙaba masa sunan. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yanzu zan duba." Ya ajiye waya yana gumi, don ya san mai ɓarnar.

Matar Boka ce ke amsa saƙonnin kamfanin, kuma akwai wani dillalin takarda da ke yawan rubuto mata. Wannan ne ya hana Boka sakat. Kishi kam, Allah ya zuba masa shi kamar shi kaɗai ya je wurin rabo.

Kowane kamfani yana da wani layi a rajistar sunansa na intanet, ana ce masa MX, shi ke nuna wa duniya ƙofar da za a kai wasiƙa. Boka ya sauya layin a ɓoye, ya karkatar da shi zuwa tsohuwar kwamfutar karɓar saƙo da aka bari a tsohon ofis, don ya riga matarsa karantawa. Shi a dole mai wayo. Bai san an yanke wutar ginin ba tun da aka tashi.

Bayan kiran nan, ya gwada aika wa Manaja saƙo, ya dawo. Ya aika wa akawu, ya dawo. Ya aika wa matarsa, shiru. Wannan an karɓa.

Nan take ya mayar da layin yadda yake. Da mai hankali ne, da ya tsaya nan. Amma zuciya ta ce masa saƙonnin dillalin suna can jibge, sai ya ɗauki makulli ya hau babur.

Ginin ba kowa. Ya haska wayarsa ya hau bene, takalminsa na amsa kuwwa. Warin fitsarin ɓera ya cika barandar. Da ya matso ɗakin ƙarshe sai warin ya ɗauke, wani ƙamshin turare mai nauyi ya maye gurbinsa.

Fankar kwamfuta na kuka a ciki.

Ya tura ƙofa. Ƙaramar fitila koriya na ƙiftawa a jikin akwatin kwamfutar. Ya bi igiyar wutar da ido. Ga bakinta yashe a ƙasa, yanar gizo-gizo ta rufe shi.

Kujerar da ke gaban teburin ta juyo a hankali. Babu kowa a kai, amma katifarta a lotse take.

"Kai ne ka turo mana ita?" in ji wata murya, ƙasa-ƙasa, dab da kunnensa.

"Sa... saƙonnin iyalina na zo ɗauka."

"Mun karanta. Dillalin nan farashi kawai yake tambaya. A da ba ka da abokin takara, bawan Allah."

Numfashi mai zafi ya sauka a ƙeyarsa.

"Mun daɗe ba wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Kai ka rubuta adireshinmu da hannunka. Tana da ladabi, matar nan."

Ƙofar ta fara rufuwa.

Boka ya yi a'uziyya da ƙarfi, ya danna kafaɗa ya fice da ƙyar, rigarsa ta yage a jikin marufin. Takalmi ɗaya ya kai gida da shi.

Washegari imel ya dawo daidai, har Manaja ya sa masa albarka. Saƙon kowa na isa ga matarsa, ban da nasa. Ko ta wace hanya ya aika, sai ya dawo masa.

Ran nan suna zaune a falo da yamma, wayarta ta yi ƙara. Ta karanta, ta rufe fuska da gyale don kunya.

"Kai, Baban Yara, muna ɗaki ɗaya kake turo min irin wannan? Wallahi ban san ka iya daɗin baki haka ba sai kwanan nan."

Wayarsa na aljihu a kashe. Don tsabar kishi, ya buɗe baki ya ce, "Eh, ni ne."