Mai Gadin Cikin Ruwa

Zulfa 'yar aji biyar ce a wata makarantar firamare a Lafia. Tana da ƙoƙari, wannan babu musu. Amma tana da wani hali da ya daɗe yana damun mahaifiyarta. Bakin Zulfa bai iya cewa "ban gane ba". Ko ba ta fahimci magana ba, sai ta gyaɗa kai kamar ita ta faɗe ta.

Wata Juma'a da aka tashi daga makaranta, Mama ta ce, "Haɗa kayanki. Za mu je gaida Kaka Sailuba, sai Lahadi mu dawo."

Kaka tana zaune a wani ɗan gari a bakin kogin Binuwai. Zulfa ba ta taɓa zuwa ba. Mota ta yi ta wuce gonakin doya da rogo, har iska ta fara kawo ƙamshin bandar kifi.

Washegari da safe Kaka ta kira 'yar maƙwabtansu, wata yarinya 'yar ƙabilar Tibi mai suna Hembadoon. Ta zo riƙe da hannun ƙanenta Orshi, ɗan mitsitsin yaro mai yawan dariya.

"Ku kai baƙuwa ta ga ruwa," in ji Kaka. "Amma ku ji ni da kyau. Kada wanda ya wuce mai gadi."

"To, Kaka," in ji Zulfa, tun kafin Kaka ta rufe baki.

Da suka isa bakin kogi, Zulfa ta waiga dama, ta waiga hagu. Tana neman mutum mai sanda da hula, irin na ƙofar makarantarsu. Ba ta ga kowa ba sai mata masu wanki da kwale-kwale a ɗaure.

Hembadoon ta lura da ita. Ta ce, "Mai gadi yana cikin ruwa. Kar ka taɓa shi."

Zulfa ta tuntsire da dariya. "Ka? Ni namiji ce? Ki ake ce wa mace. Je ki koyi Hausa tukuna."

Hembadoon ta sunkuyar da kai. Ita kuwa Zulfa ta ce a ranta, ina aka taɓa yin gadi a cikin ruwa? Hausa ce kawai ta kuɓuce wa yarinyar.

Can mahaifiyar Hembadoon ta kira 'ya'yanta su taya ta shanya. Zulfa ta rage ita kaɗai, tana wasa da ƙafa a ruwa. Sai silifas ɗinta ya zame, ruwa ya ja shi.

Kusa da ita akwai wata doguwar gora kafe a cikin ruwa, an ɗaura mata jan ƙyalle. Zulfa ta shiga har gwiwa. Ta jijjiga gorar, ta tumɓuke ta, ta janyo silifas ɗinta da ita. Ta jefar da gorar cikin ciyawa, ta tafi gida tana jin kanta mai dabara.

Da rana aka zauna cin sakwara da miyar kifi. Kawu Babandi, ƙanen Mama, ya dawo daga kamun kifi. Mama ta tambaye shi labarin kogi.

"Kogi ya lalace, Yaya," in ji shi. "Masu haƙar yashi sun bar rami a wajen wanki. Zurfinsa ya shanye babban mutum. Shi ya sa na kafa gora da jan ƙyalle a bakinsa. Ita muke kira mai gadi. Kowane yaro ya san iyakarsa ke nan."

Loma ta tsaya a maƙogwaron Zulfa.

"Lafiya?" in ji Mama.

"Ƙayar kifi ce," in ji Zulfa.

Kawu yana zaune kusa da ita. Da ta yi magana a lokacin, da ya tashi ya mayar da gorar, a wuce wurin. Amma Zulfa ta tuna yadda ta yi wa Hembadoon dariya. Kunya ta rufe mata baki.

Da kowa ya kishingiɗa saboda zafin rana, ta sulale zuwa kogi. Ta ɗauko gorar daga ciyawa. Sai ta tsaya. Ruwan duk iri ɗaya ne. Ba ta iya tuna inda ta tumɓuke ta ba.

Ta bi ta can gefe, inda ƙasa ke da tauri. Ta yi ta shiga a hankali, har ta sami inda gorar ta tsaya. Ta kafa ta a nan. Ba ta lura wurin ya fi na farko nisa da gaɓa ba. Ta ce a ranta, "Ai na gyara."

Da la'asar yara suka fito wasa. Zulfa ta zauna a kan yashi, ta ce ba ta jin shiga ruwa. Orshi yana da wani gwangwanin madara da yake kira jirginsa. Ya sake shi a ruwa, yana binsa yana dariya.

"Orshi, kar ka wuce mai gadi," in ji Hembadoon.

Orshi ya ɗaga kai ya dubi jan ƙyallen. Yana can gaba, da saura. Ya ƙara taku.

Zulfa tana kallonsa. Wani abu ya ce mata nan ne ramin yake. Ta buɗe baki, amma ta makara. Orshi ya nutse. Ko kuka bai yi ba. Gwangwanin kaɗai ya rage yana juyawa a kan ruwa.

Hembadoon ta ƙwalla ƙara. Kawu Babandi yana gyaran taru a cikin kwale-kwale. Ya yi tsalle ya faɗa ruwa. Ya nutse ya fito hannu wofi. Ya sake nutsewa. Da ya fito, yana ɗauke da Orshi, kan yaron ya langaɓe, idanunsa a rufe.

Kawu ya kwantar da shi a kan yashi. Ya yi ta danna ƙirjinsa, yana hura masa iska a baki. Da ƙyar yaron ya yi tari, ruwa ya fito. Amma bai buɗe ido ba. Aka ɗora shi a babur sai ƙaramin asibitin garin.

Mutane suka taru a barandar asibiti. Mahaifiyar Orshi tana kuka, muryarta ta dushe. Ta dubi Kawu ta ce, "Babandi, ba kai ka sa mai gadi ba? Yaro bai wuce shi ba. Kowa ya gani."

Kawu ya sunkuyar da kai. Rigarsa tana ɗigar ruwa. "Da hannuna na kafa ta," in ji shi a hankali. "Ban san yadda aka yi ba."

Hembadoon tana zaune a ƙasa, tana rungume da gwangwanin. "Ni ne ban riƙe hannunsa ba," take ta faɗa.

Zulfa ta dubi kawunta, ta dubi Hembadoon. Mutum biyu suna ɗauke da laifin da ba nasu ba. Kuma ramin yana nan a buɗe, gobe wasu yaran za su shiga. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta miƙe tsaye.

"Ni ce," in ji ta. "Ni na tumɓuke gorar da safe. Na zaci mai gadi mutum ne. Da na ji maganar Kawu, sai na mayar da ita a ɓoye. Ban san wurinta ba."

Kawu ya zabura. Ya tashi da sauri ya nufi kogi don ya gyara gorar.

Mama ta riƙe kafaɗar Zulfa. "Tumɓuke gorar rashin sani ne," in ji ta. "Amma ɓoyewar fa? Kina zaune kusa da kawunki, kika ce ƙayar kifi ce."

Zulfa ta fashe da kuka. Babu wanda ya lallashe ta.

An daɗe ana jira. Can ma'aikaciyar jinya ta leƙo. "Ina uwar yaron? Ya farka. Wai ina jirginsa?"

Mahaifiyar Orshi ta durƙusa tana gode wa Allah. Hembadoon ta ruga ciki da gwangwanin.

Ran Lahadi da safe Mama ta raka Zulfa gidansu Orshi. Zulfa ta durƙusa ta nemi gafara. Mahaifiyar yaron ta dube ta, ta ce, "Tashi. Allah ya tsare. Gobe in ba ka sani ba, ka tambaya."

Wannan karon Zulfa ba ta gyara wa kowa Hausa ba. Ta juya ga Hembadoon ta ce, "Gaskiya kika faɗa mini, na yi miki dariya. Ki yafe ni." Hembadoon ta kama hannunta, Orshi kuma ya ba ta aron jirginsa.

Kafin su hau mota, Kawu ya kai ta bakin kogi. Ya nuna mata inda ramin yake. Zulfa ta cire jan ɗankwalinta, Kawu ya ɗaura shi a kan gorar don a riƙa hangowa daga nesa.

Ran Litinin a Lafia, Malama Rahmat tana koyar da lissafi. Ta juyo ta ce, "Kowa ya gane?"

Hannu ɗaya ya tashi. Duk aji suka waiga.

"Malama, ban gane ba," in ji Zulfa.

Malama ta yi murmushi, ta sake bayani daga farko.

Tun daga ranar Zulfa ta riƙe abu biyu. Idan ba ta gane magana ba, sai ta tambaya. Idan ta yi kuskure, sai ta faɗa wa manya nan da nan, domin ta ga yadda ɓoye kuskure ya kusa cin ran Orshi.