Rigar Mamman a Kan Igiya

Ruth na tsugune a tsakar gidansu da ke Unguwar Boro tana wanke takalman ƙwallonta, sai ga Irene, yayar saurayinta Ishaku, ta faɗo babu ko sallama. Wai gaisuwa ta zo yi, tunda an kusa kawo kayan tambaya. Amma wanda ya san Irene ya san idonta ba ya tsallake komai! Ko zama ba ta yi ba ta nufi igiyar shanya.

"Ke Ruth, wannan jar rigar fa?"

"Kyauta aka ba ni, Anti."

Irene ta juya rigar. A bayanta an rubuta MAMMAN da manyan baƙaƙe.

"Kyauta! Namiji ya tuɓe rigarsa ya ba ki, har kina wanke masa zufa?"

"Ba namiji ba ne, ki tsaya ki ji—"

Ina! Ta ɗauki hoton rigar da waya ta fice kamar ana korar ta.

Dama tun da kulob ya ɗauki Ruth bana, dangin Ishaku ke ƙunƙuni. Mace da gajeren wando, yau Jos gobe Benin, wa ya san abin da ake yi a otal ɗin? Yanzu sun samu abin riƙewa.

Da yamma Ishaku ya zo fuska a murtuke.

"Mama ta ce a dakata da kawo kaya. Wane ne Mamman?"

"Safiya ce, kaftin ɗin 'yan ƙwallon Makera. Mamman sunan babanta ne. Ranar wasana na farko a kulob na hana ta cin gol, da aka tashi ta ba ni rigarta, na ba ta tawa. Haka 'yan ƙwallo ke girmama juna."

"Kin hana ta ci, ita kuma ta yi miki kyauta? Haba, Ruth! Kin ɗauke ni yaro?"

Hawaye suka zubo mata, don zargin Irene bai yi mata zafi kamar nasa ba.

"Kai ma, Ishaku? Shi ke nan. Za mu sake haɗuwa da su a filin Kakuri, ka zo da Mama."

Kwanakin nan ta sha baƙar magana. A coci ana ta zunɗen ta, a layi ana kiran ta matar Mamman. Ba ta tanka wa kowa ba, tirenin ɗinta kawai take zuwa ta dawo.

Ranar wasa Mama Scholastica, mahaifiyar Ishaku, ta zauna a benci tana harare-harare, Irene na gefenta da waya a hannu. Sai ga wata doguwar budurwa da ɗankwali ɗaure tamau ta shigo a gaban masu jar riga. Ta juya baya: MAMMAN.

"Yesu!" in ji Mama.

Ruth ma ta juya. A bayanta an rubuta YOHANNA, sunan babanta marigayi. Irene ta tura wayarta cikin jaka sumul.

Da aka tashi Mama ta kama hannun Ruth.

"'Yata, mun ɗauki alhakinki. Kaya na nan zuwa, ni da kaina zan riƙo."

Ishaku ya matso kai a ƙasa. "Ki yafe min."

"Na yafe. Amma ka san abin da ya fi min ciwo? Tun muna sakandare kake cewa kana sona, sai yau ka taɓa zuwa kallon wasana. Da ka zo ko sau ɗaya, da kai za ka kare ni a gaban Anti."

Gaskiya kuwa ta faɗa.

An yi biki, Safiya ma ta zo ta taka rawa har ɗankwali ya faɗi. Haƙurin Ruth ya biya ta. Ku kuma samari, in kuna son yarinya ku san aikin da take yi, don wanda bai san rayuwar masoyiyarsa ba, kowa ya kawo masa ƙarya zai karɓa.