Sai Na Faɗa Masa Kafin Biki

"Mama, sai na faɗa masa."

Dokas tana durƙushe a tsakar gida, hannunta duk yumɓu, tukunyar da take ginawa ta karkace ba ta kula ba.

Mama Talatu ta ajiye rariya.

"Ran Lahadi za a yi shelar aurenki a majami'a, shi ne za ki rushe komai da bakinki? Ki faɗa wa Allah a ɗakinki, ya isa."

"Na faɗa masa, Mama. Tun da na faɗa masa nake jin yana tura ni wurin Obiora."

"Danginsa da ƙyar suka yarda da ke. In ya fasa fa?"

"To ya fasa..."

A shekarar 1979 ne, bakin mutane bai gama sabawa da sabon sunan garin, Suleja, ba. Obiora kafinta ne, haifaffen garin, kuma shi ne shugaban mawaƙan majami'arsu a da. A lokacin Omolara ce zai aura, ɗiyar wani dattijon ikilisiya. Dokas kuwa tana sonsa a ɓoye, son da ya hana ta sukuni.

Wata ranar kasuwar Sabon Wuse ta gan shi ya fito daga gidan burukutu. Ta san abin da ya kai shi, domin wanta Tanimu ya ɗauko a kafaɗa, a buge. Amma sai ta je wurin mahaifin Omolara ta ce ta ga Obiora yana sha. Da dattawa suka kira Obiora ya ce bai sha ba, ya kuma ƙi faɗin wanda ya je ɗauka don kada ya tona wa Tanimu asiri. Aka sa shi horo, aka sauke shi daga waƙa, aka fasa aurensa. Dokas ce ta riƙa kai masa abinci tana lallashinsa, har zuciyarsa ta karkato gare ta.

Tun daga nan ba ta sake iya miƙa hannu ga gurasa da ƙoƙon Jibin Ubangiji a majami'a ba.

Yanzu dai Dokas ta wanke hannu ta nufi rumfar Obiora. Ta tarar yana goge katakon gadon da yake haɗa musu.

"Dokas tawa, zo ki gani. Ya yi miki?"

Ta durƙusa a cikin garin katako.

"Masoyina... ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni ce na kai ƙararka. Na ga Yaya Tanimu a kafaɗarka, na san ba ka sha ba. Na yi ƙarya don in raba ka da Omolara."

Ya ajiye katakon ya kalle ta.

"Kina zuba min miya kina cewa Allah zai tona asirin maƙaryacin."

"Ga shi ya tona."

"Me ya sa sai yanzu?"

"Don ba zan tsaya gaban Yesu in yi maka alkawari da bakin da ya ɓata maka suna ba. Ina sonka, Obiora, amma gara in rasa ka."

"Tashi ki tafi."

Ta tafi, amma ba gida ba. Gidan Fasto ta wuce ta zayyana masa komai, ta roƙa a bar ta ta faɗa a gaban jama'a, tunda a gabansu aka kunyata shi.

"'Yata, duk wanda ya furta laifinsa da gaskiya, jinin Almasihu ya wanke shi," in ji Fasto. "Allah ya riga ya yafe miki. Mutane kuwa sai kin yi haƙuri da su."

Ran Lahadi, maimakon shelar aure, Dokas ta miƙe ta faɗi gaskiya. Mahaifin Omolara ya sunkuyar da kai. Tanimu ya tashi yana kuka, ya ce shi ma da nasa laifin, tunda ya yi shiru aka hukunta wani dominsa.

Washegari ta shiga mota zuwa Tafa, inda Omolara take aure. Omolara ta saurare ta tana jijjiga jaririnta.

"Kin ƙwace min abin da ba za ki iya mayar min ba," ta ce. "Zan roƙi Allah ya ba ni ikon yafe miki. Yau dai ba ni da shi."

Dokas ta karɓi wannan ma.

Aka sa ta horo, tana zama a bencin baya ita kaɗai. Obiora ya kwashe kayan aikinsa ya koma Izom. Duk daminar nan ba ta fasa zuwa sujada ba, ko da 'yan mata na nuna ta da baki. Abin mamaki, ba ta taɓa jin zuciyarta sakayau kamar lokacin ba.

Da kaka ta yi, wata Lahadi ana cikin waƙa ta ji wani ya zauna kusa da ita.

Obiora ne, ya rame.

"Nan wurin masu horo ne," ta raɗa masa.

"Na sani. A da kullum ina roƙon Allah ya hallaka wanda ya yi min ƙarya. Da na gane ke ce, sai bakina ya kasa. Ni ma ina da abin tuba."

Hawaye ya zubo mata.

"Ka yafe min?"

"Na yafe. Zafin bai gama fita ba, kada in ruɗe ki. Amma matar da ta yarda ta rasa ni don gaskiya, ita nake so a gidana."

Bayan an ɗage mata horo aka ɗaura aurensu. A ranar, da aka zo da gurasa da ƙoƙo, Dokas ta miƙa hannu biyu ta karɓa.