Notuna Huɗu a Aljihun Baba

"Ki hau babur ɗin nan, Ofelia, don girman Allah ki hau!"

Leandro ne, saurayinta. A bayansa wutar daji ta cinye rabin tsauni, tana gangarowa gonar su Ofelia, toka na zubo musu a ka.

"In hau in bar wa wa Baba?"

Mahaifinta, Don Eusebio, na zaune a kekensa na guragu gefen tsohuwar akori-kurarsa. Tunda ɓarin jikinsa ya shanye ko zama ba ya yi sai da jingina, balle hawa babur. Motar kuwa bakinta a buɗe. Jiya Ofelia ta sa mata sabon famfon ruwa, Baba na gaya mata tana ɗaurawa, saura a mayar da fulin da bel ke juyawa. In babu shi, ko bakin titi ba za su kai ba injin zai dafe.

Leandro ya yar da babur ya rarumi fulin.

"Ina notunan?"

Ofelia ta kifar da gwangwanin da ta zuba su. Wayam! Ta durƙusa tana tona yashi da yatsu kamar zararriya, sai ta hangi hannun Baba mai lafiyar dafe da aljihun rigarsa.

"Baba... kai ka ɗauka?"

Tsohon nan akwai taurin kai! Shi ne ya kori Leandro ranar da ya zo neman aurenta, wai zai kwashe masa 'ya ɗaya tilo ya kai birni, har ya rantse hannun yaron ba zai taɓa motarsa ba. Amma yau ba fushi ne a idonsa ba, tsoro ne tsagwaronsa.

"Lokaci ya ƙure, 'yata. Kafin ku ɗaura, wuta ta tare hanya. Kai, ɗauke ta ku tafi! Ba abin da kake so ke nan ba?"

"Ba haka nake son ta ba, Don Eusebio."

Ofelia ta zauna daɓas a ƙasa ta rungume ƙafafun mahaifinta.

"To mu ƙone tare. Na rantse da kabarin Mama ba inda za ni!"

"Ni ma ina nan," in ji Leandro, ya zare mukullin babur ya jefa cikin ciyawa.

Iska ta kwaso zafi ta watsa musu a fuska. Tsohon ya dube ta, ya dubi yaron, leɓensa na motsi. Can ya zura hannu a aljihu ya ciro notunan.

"Mahaukata... Turo ni kusa!"

Leandro ya zaunar da fulin, ya soma murza notunan da yatsu. Da ya sa sifana sai fulin ya dinga juyawa, noti ya ƙi ɗauruwa.

"Wayyo, ya ƙi tsayawa!"

Don Eusebio ya naɗa bel a kan fulin, ya damƙe da hannunsa ɗaya har jijiyoyi suka fito.

"Ɗaura! Na sama, sannan na ƙasa, kar ka bi su a jere!"

Ofelia ta rufe ido tana addu'a, tana jin ƙarar itatuwa na fashewa a bayan rumbu. Ba ta buɗe ba sai da ta ji injin ya tashi.

Suka ciccibi Baba suka sa a gaba. Leandro ya figi motar cikin hayaƙi, ko alama allurar zafin injin ba ta haura ba. Sai da suka hau kwalta Ofelia ta waiwaya, ta ga rufin gidan da aka haife ta ya kama. Ta fashe da kuka.

"Yi haƙuri, abar ƙaunata," Leandro ya ce a hankali, ya miƙa wa tsohon sifanar da ke cinyarsa.

Don Eusebio ya ture hannun, hawaye na bin gemunsa.

"Riƙe ta, ɗana. Ba ni da sauran bangon da zan rataye ta... sai dai a gidanku."