Ƙayar Baba Nomau

Injin da ake kira Masaƙi yana juya zubin siffar dungun wata ƙafa a hankali, hannuwansa na ƙarfe suna naɗa zaren kabon falle bisa falle. Da ya gama, ya tsiyayo ƙaro mai ɗumi, famfo ya zuƙe iskar da ke tsakani, har fallayen suka manne suka zama abu guda. Wannan shi ake kira kube, wato ramin da dungun mutum yake shiga kafin a ɗaura masa ƙafar roba.

Tasalla ta daɗe tana wannan aiki a Asibitin Gaɓoɓi na Sabon Birnin Kwazari, amma ba ta taɓa yin irin wannan ba. A tsakanin fallayen an saƙa wasu siraran wayoyi da masana suka sa wa suna zaren-ji. Aikinsu su haɗu da jijiyoyin dungu, su tuna wa ƙwaƙwalwa ƙafar da ta rasa.

Ta yanke bakin kuben, ta goge shi da sanfefa har ya yi santsi, ta haɗa shi da ƙafar roba, sannan ta kai wa Baba Nomau, tsohon manomin da aka yanke wa ƙafa tun yana saurayi.

Ya zura dungunsa, ya ajiye sanda, ya miƙe. Sai ya tsaya cak, idonsa ya kawo ruwa.

"'Yar nan, ga yatsuna! Wallahi ina motsa su."

Ya yi taku ɗaya, ya saki ƙara, ya kama bango.

"Baba, ina yake matse ka?"

"Ba matsi ba ne. Ƙaya ce, a diddige. Cire min ita."

Tasalla ta cire kuben, ta shafa cikinsa da yatsa. Babu tudu, babu kumfar iska. Ta duba allon injin, komai daidai. Ta sake gogewa, ta mayar masa, ya sake yin ƙara. Kanta ya ɗaure, har ta tsinci kanta durƙushe da matsefata tana laluben diddigen roba, kafin ta tuna babu nama a wurin.

"Ita ce dai," in ji Baba Nomau yana haki. "Wadda ta soke ni a gonar mahaifina. Ita ta ruɓar da ƙafar har aka yanke."

Ta kira masanan. Suka ce zaren yana dawo da gaɓa yadda jiki ya rabu da ita, kuma ba su san yadda za a raba ƙafar da ciwonta ba.

"Baba, bari in yi maka kube irin na da. Ba za ka ji komai ba."

"Har yatsun?"

"Har su."

Ya ɗauki sandarsa, ya nufi ƙofa yana ɗingishin da ya fi wanda ya zo da shi, yana cije leɓe, yana kuma dariya.

"Bar min abata, 'yar nan. Tawa ce."

Tasalla ta bi shi har baranda, ba ta san ko ta gyara shi ne ko ta cuce shi ba. A kan benci wata mata ta miƙe, hannun rigarta na dama a naɗe, tabon ƙuna ya hau har wuyanta.

"Malama, na ji abin da ya ce. Ni a gobara na rasa hannuna, ina riƙe da ɗana a lokacin. Yaushe za a yi min?"