Unguwar da ke Ƙarƙashin Tasha

Ku yi mini afuwa, ni ma'abociyar karatu ce kawai, yau ne na fara riƙe alƙalami.

"Ɗan wa kika ce?" Baba ya ajiye agogon da yake gyarawa.

Auta ta sunkuyar da kai. 'Yar gwaggonta, wadda ta daɗe da ƙyalla ido a kan saurayin Auta, ita ta kawo tsegumin, ga ta a bakin ƙofa tana gyara ɗankwali.

"Ɗan direban katafilar da ya rushe mana unguwa aka yi tashar mota? Auta, ki shafa mini lafiya."

"Baba, lokacin ko haihuwarsa ba a yi ba..."

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

A laburaren da Auta take aiki suka haɗu da saurayin, ya zo neman tsoffin taswirorin gari, shi ya sa take ce masa Mai Taswira. Duk Asabar yana zagayawa da mutane a ƙafa. A kowace mararraba su za su zaɓa, dama ko hagu, shi kuma ya ba su labarin abin da kwalta ta binne a wurin.

"Na rasa ka ke nan," ta ce masa a waya.

"Haba sanyin idona. Ki roƙe shi ya zo yawon Asabar, ko don ya zage ni."

Baba ya zo kuwa, fuska a ɗaure, ya tsaya can baya. Auta na gefensa.

Aka wuce shagon ɗinki da a dā gidan sinima ne. Aka wuce banki, inda mata suka taɓa ɗibar ruwa.

A mararrabar ƙarshe wata tsohuwa ta ce, "Hagu, ɗan nan, gwiwata ba ta son hawa."

Hagu kuwa tasha ce.

Mai Taswira ya tsaya tsakanin motoci, ya naɗe takardarsa.

"Nan ba ni da labari," ya ce a hankali. "Mahaifina aka turo ya rushe wurin. Har yau idan mota ta biyo da shi ta nan, runtse ido yake. Wanda ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu, ya taimaka mana."



Sai Baba ya ratsa mutane, ya tsaya daidai wurin mai facin taya.

"Nan ɗakin mahaifiyata yake," ya ce. "Tagarta na kallon can. Matsa, yaro, kana tsaye mata a kan murhu."

Aka yi dariya. Baba bai yi ba, amma ya ci gaba, yana nuna gida gida, yana kiran masu su, har da wanda kullum akuyarsa ke cinye musu shanya.

Da ya gama ya dubi saurayin, ya daɗe.

"Wancan lungun na manta na waye. Babanka zai tuna. Ka kawo mini shi gida."

"Yaushe, Baba?"

"Ka ga mai gaggawa. Gobe."

Mutane suka kewaye Baba da tambayoyi. Auta ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta bi ta bayan wata doguwar mota, ta sulale kafin kowa ya waiwayo.