Ruwan Kafeyin a Kakuri

Ranar da Judith ta fara koyon aiki a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, na wani kamfanin lemon kwalba a Kakuri, Oga Harrison, shugaban wurin, ya dire mata kwalbar farin garin sinadarin kafeyin. Ya ce ta haɗa tsarmammen ruwan kafeyin, wanda da shi ake gwada yawan kafeyin da ke cikin lemo. Bai nuna mata komai ba, ya fice.

Tana cikin aunawa, garin ya zube a kan sikeli. Sai ta ji murya a bayanta, ƙasa-ƙasa.

"Rufe ƙofar sikelin, numfashinki ma yana motsa shi."

Nelson ne, ma'aikacin lab. Asid ya taɓa watso masa, ya bar tabo daga kunci har wuya. Ya sa ta auna miligiram ɗari, ta narkar a tataccen ruwa, ta cika kwalbar awo zuwa layi. Daga ciki ta zuƙi mililita goma da bututun gilashi, ta zuba a wata kwalbar, ta riƙa ɗiga ruwa, idonta daidai da layin. Da ta ɗago ta gode masa, ta kalli fuskarsa ba ta kau da kai ba. Nelson ya daɗe bai ga haka ba.

Bayan wata biyu, kullum da yamma sai saƙonsa ya shigo.

"Judi tawa, kin isa Narayi lafiya? Tun da kika fita lab ya yi mini faɗi."

"Na iso, nawa. Gobe zan zo maka da gwate."

Harrison ma yana son ta. Yana da mota, kuma babansa dattijo ne a cocinsu. Ta ce masa a'a sau biyu. Rannan da aka fita cin abincin rana, ya tsiyaye rabin ruwan da ta haɗa, ya cike da na famfo. Na'ura ta ba da lamba ba daidai ba, aka tsayar da aikin ranar. A gaban kowa ya kira ta daƙiƙiya, ya karɓe rigar lab ɗinta, ya sallame ta daga aiki, sannan ya raɗa mata cewa Nelson ne ya rubuta rahoto a kanta.

Tana kuka a cikin keke ta tura masa saƙo.

"Na ɗauka fuskarka ce kaɗai ta lalace."



Sati uku bayan haka ta haɗu da Charity, sakatariyar kamfanin, a kasuwar Sabon Tasha. Charity ta gaya mata an kori Nelson tun ranar, don ya ƙi sa hannu a rahoton, ya ce ya ga awonta da idonsa, babu kuskure a ciki.

Judith ta hau motar Kakau, ƙauyen su Nelson. Ta same shi a gonar mahaifiyarsa yana karyar masara. Ta durƙusa a gabansa a kan kunyar masarar.

"Na sha jin irin maganar da kika turo mini," in ji shi, "amma ban taɓa zaton zan ji ta daga gare ki ba."

Ta roƙe shi har muryarta ta dishe. Daga ƙarshe ya ajiye buhun, ya ɗaga ta, ya kakkaɓe mata ƙasar gwiwa.

Da ya je gaida mahaifinta kan maganar aure, Baba Sylvanus bai ba shi kujera ba. Ya bar shi tsaye a rana, ya kira maƙwabta su zo su ga abin da 'yarsa ta ƙi Harrison saboda shi. Ya ce ba aiki, ba fuska, kuma shi ba zai yi jikokin da za su riƙa gudun ubansu ba. Wasu suka yi dariya. Judith ta fito daga ɗaki ta tsaya kusa da Nelson a cikin rana. Baban ya ce idan ta bi shi, kada ta sake taka masa gida.

Shekara guda fasto yana zuwa roƙo, Baba Sylvanus bai sauko ba. A shekarar aka ƙara wa Harrison girma, Nelson kuwa ya samu koyar da kimiyya a wata sakandare a Kamazou.

Aka ɗaura auren a ƙaramin coci a Kakau. Baba Sylvanus bai zo ba, ya kuma hana mahaifiyarta zuwa. Kawu Clinton, ƙanen mahaifiyar, shi ya miƙa hannunta. Judith ta yi ta waiwayen ƙofa har aka sa zobe.

A waje, mahaifiyar Nelson ta haɗa hannuwansu cikin nata masu kaushi.

"'Yata, daga yau kina da gida. Ubangiji ya albarkace ku, ya ba ku salama, ya sa ku tsufa tare."

Judith ta ce amin, ta share hawayenta, ta bi mijinta.